Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Daren Sipi

Sai da na yi wata biyar ina koyar da kimiyya a wata sakandare a Mbale, gabashin Uganda, ban san ko'ina ba sai gida, aji da kasuwa. A 2017 ke nan. Wata malama 'yar ƙasar, wadda teburinmu ɗaya a ɗakin malamai, ta rantse ba zan bar ƙasarsu ban ga Sipi ba, wurin da ruwa ke zubowa daga kan dutse. Ranar Asabar da sassafe muka shiga motar haya mai zuwa Kapchorwa.

Hanyar hawa ce zalla a jikin Dutsen Elgon, ayaba da kofi dama da hagu. Jefi-jefi sai mu wuce samari da 'yan mata suna gudu a gefen titi, don yankin ne ya haifi Stephen Kiprotich, wanda ya ci zinare a gudun yada-ƙanin-wani a gasar Olamfik ta Landan a 2012. Ruwan Sipi a wuri uku yake zubowa, mafi tsayinsu ya kai kusan mita 100. Na tsaya a ƙasansa har feshin ya jiƙa mini hijabi, bakina bai daina tasbihi ba.

Mun kwana a wani ƙaramin masauki, bayansa akwai gidan laka mai rufin kwano. Bayan na idar da isha'i na ji ƙarar tukunya ta faɗi, sai muryar namiji, sai wani sauti da ba ya bukatar tafinta. Matar ba ta yi kururuwa ba. Nishi take yi, irin na mai danne kuka don kada maƙwabta su ji. Yaro ne ya tsala ihu.

Na miƙe na nufi ƙofa, malamar ta riƙe mini hannu gam.

"Malama, zauna. Miji ne da matarsa."

"Zai kashe ta fa!"

"Ba zai kashe ta ba. In kika fita, gobe dukanta zai ninka, don ta tara masa baƙi."

Na zauna. Wallahi na zauna, hannuna a kan baki, har gidan ya yi tsit. Zaman nan yana cina har yau.

Da safe na ga matar ɗauke da jarkar ruwa ruwan ɗorawa a ka, ido ɗaya ya kumbura ya rufe. Ta russuna ta gaishe mu, ta wuce. Dattijuwar da ke dafa mana shayi ta bi ta da kallo, ta faɗi wata magana tana girgiza kai. Na matsa wa malamar ta fassara mini. Wai cewa ta yi mijin ya biya shanunsa na dukiyar aure, kuma namijin da ba ya taɓa matarsa bai damu da ita ba.

Ba doka ce babu ba. Tun 2010 Uganda ke da dokar hana cin zarafi a cikin gida, mace na iya kai ƙara wurin shugaban ƙauye, ko 'yan sanda, ko kotu. A 2015 kuma Kotun Ƙoli ta haramta tilasta wa iyayen mace mayar da dukiyar aure idan aure ya mutu, bayan ƙarar da ƙungiyar kare haƙƙin mata ta MIFUMI ta shigar. Amma wani babban binciken lafiya na ƙasar a 2016 ya nuna kusan rabin matan da kansu suna ganin miji na da hujjar duka, misali in abinci ya ƙone, ko ta fita ba izini, ko ta mayar masa da magana.

A mota na fara faɗa, ina cewa wace irin al'ada ce wannan. Ban kai ƙarshe ba na yi shiru, don kunnena ya cika da maganganun da na tashi ina ji da harshena: ki yi haƙuri, aure ɗan haƙuri ne, tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa. Ni kaina na taɓa faɗa wa wata haka, tana nuna mini shatin bulala a bayanta. Alhali Nana A'isha ta shaida cewa Manzon Allah (SAW) bai taɓa dukan mace da hannunsa ba.

Mun kusa Mbale malamar ta yi magana, fuskarta na kallon taga. Ta ce mahaifiyarta sau uku tana yaji, sau uku ana mayar da ita, saboda shanun da aka karɓa a kanta da su aka yi wa yayanta aure. Ba saniyar da za a mayar, sai aka mayar da ita.

A Satumbar 2024 na ji labarin Rebecca Cheptegei, 'yar tseren Uganda daga wannan yanki, wadda tsohon saurayinta ya watsa wa fetur ya cinna mata wuta a Kenya, 'yan makonni bayan ta yi gudu a gasar Olamfik ta Faris. Fuskar mai jarkar nan ce ta faɗo mini, na ajiye wayar na yi ta kuka.

Mu koma 2017. Ranar Litinin ina kiran suna, wata ɗaliba da ba ta taɓa fashi ba ba ta amsa ba. A nan za mu ɗora mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.