Jinyar Abban Ummi, Kashi Na 5: Ranar Da Hajiya Ta Ji Sunan Ciwon

Makon jiya na tsaya ne a inda aka sallamo mu daga asibiti, bayan kwana biyar ɗin farko na zagaye na biyu na kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin ciwon daji. Waɗanda suka fara bin labarin tun farko za su tuna cewa ciwon daji ne ya kama maigidana a ɗan marainansa na dama yana da shekara 31, aka yi tiyata aka cire, sai hoton sikanin ya nuna ciwon ya riga ya haura zuwa kaluluwar da ke can bayan ciki, har da ɗigo-ɗigo a huhu. Ashe ciwon bayan da muka yi wata shida muna shafa wa man zafi daga nan yake.

A bayan ƙofar ɗakinmu na manna takarda na zana kwana 21, domin haka zagaye ɗaya yake tafiya. Rana ta 1 zuwa ta 5 kullum ana ɗaura masa cisplatin da etoposide ta jijiya, bleomycin kuma sau ɗaya a mako, sau uku ke nan a zagaye. Likita ya ce zagaye huɗu za a yi. Ni da ko sunan maganin mura ba na riƙewa, sai ga shi na haddace waɗannan sunaye kamar karatun allo.

Kwana biyar ɗin asibiti, duk da amai da ƙarin ruwa leda bayan leda, sun fi mini sauƙi, don akwai nas a kusa. Gida ne wuya. Cisplatin yana wahalar da ƙoda, saboda haka aikina na farko shi ne ruwa: in tafasa, in huce, in zuba a gora, in yi ta bin sa da kofi kamar mai lallashin yaron da aka yaye. Ya ce ruwan ɗanɗanon ƙarfe yake masa. Na matsa lemun tsami, ya ce ƙarfe mai tsami. Warin albasa ya zama abokin gabarsa, har sai da na mayar da risho ɗina can bakin zaure nake soya miya. Abin da kawai yake wucewa shi ne kunun tsamiya mai ɗan sanyi, cokali biyar, shida, ya ture kofin. Fura da nonon da yake so kamar ransa likita ya hana, sai madarar da aka tafasa, haka kuma ya hana ɗanyen latas da duk wani abincin titi.

Duk wannan ina iya ɗauka. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ƙarya.

Tun ranar da aka faɗa mana sakamako ya riƙe hannuna a cikin mota ya ce, "Maman Ummi, don girman Allah kada kowa ya ji wurin da abin yake. Ko Hajiya." Mahaifiyarsa yake nufi. Na yi alkawari. Aka ce wa dangi aikin ƙaba aka yi masa, daga baya kuma aka ce ciwon ciki ne mai naci. To ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Mai aikin ƙaba gashin kansa ba ya zubewa a kan matashi, ba ya kwana da hula ya tashi da hula, girarsa ba ta yin fili. 'Yan dubiya suka fara kallon kallo. Wata ƙanwar babansu ta ce sammu ne, daga wurin aikinsa aka yi masa. Wata ta ja ni gefe ta tambaye ni, cikin raɗa, ko mun yi gwajin "ciwon zamani". Na yi murmushi na ce mun yi, lafiya lau, na shiga banɗaki na yi kukana na wanke fuska.

Hajiya kuwa kullum bayan la'asar sai ta aiko ƙaninsa da jarka: jiƙon sassaƙe, baƙi wuluk, wai na basir da shawara. Likita ya riga ya gargaɗe mu da kakkausar murya cewa kada a haɗa kemo da jiƙe-jiƙe, ƙoda da hanta suna da aikin da ya ishe su. Rubutu ina ba shi, da tafasasshen ruwa nake wankewa, addu'a kuwa ba mu taɓa sakaci da ita ba. Amma jarkar nan, Allah Ya yafe mini, a makwarara nake tuttulewa, in ɗauraye in mayar in ce an gode, ya sha. Kuɗin da tsohuwar nan take kashewa wurin mai magani yana damuna, ga shi ni kuma na riga na sayar da sarƙata da 'yan kunnen aurena, na karɓi kwasar adashi tun kafin layina ya zo.

Sai rana ta 10.

An faɗa mana tun farko cewa tsakanin rana ta 7 da ta 14 fararen ƙwayoyin jini suke faɗuwa ƙasa, jiki ya zama gidan da ba ƙofa. Idan zafin jiki ya kai 38, ba a jira gari ya waye, ba a kuma shan farasitamol don a danne shi. Wajen ƙarfe biyu na dare na farka na ji gado yana rawa. Haƙoransa na haɗuwa, ya dunƙule cikin bargo, ga shi lokacin zafi ne. Na haska fitilar waya na sa masa ma'aunin zafi: 38.6.

"Ba ni farasitamol kawai, da safe ma je," in ji shi.

"Abban Ummi, tashi."

"Ke wai ba kya jin magana ne? Da tsakar daren nan?"

Shekara shida da aurenmu ban taɓa ɗaga masa murya ba. Daren nan na ce masa ko ya tashi da ƙafarsa ko in buga wa maƙwabta ƙofa su ciccibe shi. Na goya Ummi tana barci, na tashi maƙwabcinmu mai adaidaita sahu, Allah Ya saka masa da alheri, ko tambaya bai yi ba. A sashen gaggawa sai da na maimaita sau uku cewa mai kemo ne, rana ta 10, kafin wani matashin likita ya ɗago kai ya miƙe da sauri. Aka ɗebi jini, aka ɗaura masa maganin kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya tun kafin sakamako ya fito. Da ya fito aka ce ƙwayoyin garkuwar sun kusa ƙarewa. Aka ba shi gado a gefe, aka ce ba dubiya, mai shiga sai da takunkumi.

Da hantsi sai ga Hajiya, da kwanon farfesu da jarkarta. Ba wanda ya isa ya hana uwa ganin ɗanta, nas ta ba ta takunkumi ta shiga. Hular ta zame a kan matashi. Ta tsaya ta daɗe tana kallon kansa, ta kalli ledar ruwan, ta kalli sauran marasa lafiyar da ke ɗakin, kusan duk kansu ɗaya da nasa. Ta fito baranda ta yafito ni.

"'Yar nan, zauna. Ni na haife shi. Me yake damun ɗana?"

Na sunkuyar da kai ina wasa da bakin hijabina. Ta yaya suruka za ta buɗe baki ta ambaci wannan wuri a gaban uwar miji? Ga kuma alkawari. Na ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, shi ya kamata ya faɗa." Na koma ciki na durƙusa kusa da kunnensa na ce masa na gaji, ba zan ƙara zubar da maganin Hajiya ina ce mata ya sha ba. Ya rufe ido, hawaye ya gangaro ta gefen kunnensa. Can ya ce, "Kira ta."

Ban tsaya a ɗakin ba. Ta taga na ga bakinsa yana motsi, bai kalle ta ba ko sau ɗaya. Ina jiran salati da kururuwa. Shiru. Da ta fito ta zauna a bencin nan, ta cire takunkumin, ta ce, "Na dama ne?"

Na ce eh.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Tun yana jariri wannan ɗin bai sauko ba. Sai da ya shekara huɗu aka yi masa aiki aka sauko da shi. Babansu ne ya ce a ce ƙaba ce, kada yara su riƙa tsokanarsa."

Na ji kaina ya yi dum. Ranar farko likita ya ga tsohon tabo a matsematsinsa ya tambaye shi, ya ce aikin ƙaba ne na yarinta, don abin da aka faɗa masa ke nan shekara 27. Mu muna ɓoye mata, ashe ita ma tana riƙe da nata rabin labarin.

Da likita ya zo zagaye, da kanta ta tare shi ta faɗa masa, ta kuma tambaye shi ko laifinta ne da ta bari har shekara huɗu. Ya ce mata yaron da ɗan marainansa bai sauko ba ya fi sauran shiga haɗarin wannan ciwo ko da an yi aikin, kuma aikin da aka yi ne ya sa ƙullin ya fito inda hannu zai iya jin sa. Ya ƙara da cewa wannan yana cikin ire-iren ciwon dajin da suka fi jin magani ko da ya bazu, muddin ba a tsallake zagaye ba. Ta gyaɗa kai. Sannan ta juyo gare ni ta ce, "Jarkar nan fa, yana sha?"

Na ce, "A'a, Hajiya."

"Ko sau ɗaya?"

"Ko sau ɗaya."

Ta yi shiru har na fara shirin ba da haƙuri. Sai ta miƙo mini kwanon farfesun ta ce in ci tun da zafinsa, shi ba zai iya ba, ta kwance Ummi daga bayana ta goya.

Kwana huɗu muka yi kafin zazzaɓin ya sauka. Ranar sallama aka sake ɗibar jini don auna alamomin ciwon, AFP da hCG da LDH. Shi hCG ɗin shi ne sinadarin da ake dubawa a fitsarin mace a gane tana da ciki, kuma nasa a farko ya yi sama sosai, har ya taɓa yi mini wasa cewa a gidan nan shi ne mai cikin. Idan adadin ya ci gaba da sauka, maganin yana ci. Ranar Talata za mu karɓi sakamakon, kuma Hajiya ta ce da ita za a je.

Mu haɗu mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.