Kififfiya da jatan lande: yadda 'yan Guangzhou ke tsokanar wawa

Ɗan kasuwar Alaba ko Balogun da ke zuwa saro kaya Guangzhou ta ƙasar Sin ya fi jin harshen Mandarin a shaguna. Amma 'yan asalin garin, da mutanen Hong Kong, harshen Kantonis suke yi, kuma da shi suke barkwanci.

Kalmar tsokanar da ya kamata kunnenka ya fara riƙewa ita ce "soi yu". Asalinta "kifin ruwa", sunan wata kififfiya mai taushin baya da suke farfesu da ita. A kasuwa kuwa, shi ne wanda za a tsuga wa kuɗi ya biya har da godiya. In ka ji ta tsakanin mai shago da yaronsa bayan an yanka maka farashi, ba zancen farfesu ake ba. Rage tayinka, ko ka yi gaba.

"Dai tau ha", jatan lande mai ƙaton kai, mai mantuwa ne, irin wanda zai isa filin jirgi fasfo na otal. Ba ta da zafi. "Ci sin" kuma wayoyi ne suka manne da juna, wato kan mutum ya taɓu. Da dariya wasa ce, da ɗaure fuska faɗa.

Wadda ta fi daɗi a ganina ita ce "ngau pei dang lung", fitilar fatar saniya. Rabin maganar kawai ake faɗa, mai ji ya ƙarasa a ransa: ko yaya aka kunna ta ba ta haske. Gishirin yana cikin kalmar "ming" ta wancan rabin da ba a faɗa, domin ita ce haske, ita ce kuma fahimta. Dolo ke nan, wanda aka yi wa bayani sau goma.

Inda ake tuntuɓe shi ne furuci. Karin sautinsu 6 ne, namu 3, ga wasula masu kama da juna. "Ngong goi" sakarai ce kawai, amma in bakinka ya zame ka ce "gau" a ƙarshe, ka ɗura ashar. Gara ka bar ta.

Sai kuma wa ke da ikon tsokanar wa. Bagobiri na iya yi wa Bayarabe tsiya a Agege a tashi lafiya, don taubasantaka ce. Haka "so jai", wawan yaro: uwa ke faɗa wa ɗanta, aboki ga aboki. Kada ka gwada ta kan mai masana'antar da ya girme ka.