Gashinmu da hunturun Zariya

'Yan uwa mata, hunturu ya shigo Zariya, ƙura ko ta ina, gashi kuma sai karyewa yake. Irin gashinmu mai nannaɗewa dama can bushewa ne halinsa, saboda maiƙon da fatar kai ke fitarwa baya iya gangarowa har ƙarshen sili, shi yasa ƙarshen ke fara tsinkewa.

Abin da mutane da yawa basu gane ba shi ne mai baya jiƙa gashi, ruwa ne ke jiƙa shi. Ki fara fesa ruwa tukunna, sannan ki bi da man kaɗanya ko man kwakwa ya riƙe danshin, in kika lafta mai a busasshen kai wallahi ƙura kawai kika tara. Ni dai wajen wanki karkashi na fi yarda da shi, yauƙinsa na warware cukurkuɗa, ga arha a kasuwar Sabon Gari, shamfu kam sau ɗaya a sati ya isa. Kuma ki taje da mataji mai manyan haƙora, daga ƙarshe zuwa tushe, tun yana da danshi.

Sai maganar kitso. Dan Allah in mai kitso ta ja har kina jin ciwon kai kice ta sassauta, gashin gaban goshi haka yake tafiya, wani ma baya dawowa. Kada ki ɗaura ɗankwali ko hijabi kan jiƙaƙƙen kai, wari zai yi. Da dare ki kwana da hular siliki, auduga tsotse danshi take.