Tarihin Rayuwata, Kashi Na 17: Lasisin Wa'azi Da Takardun Wurin Ibada

A makon jiya mun tsaya a shekarun da nake magatakarda a ofishin lauya a Sabon Garin Zariya. Cikin masu yi mana sallama akwai kwamitocin masallatai, da na Islamiyyu, da dattawan coci, kuma tambayarsu ɗaya ce: ina iyakar ikon gwamnati a kan addininmu? Wannan makon zan ajiye labarin kaina in shimfiɗa amsar, don har gobe jama'a na faɗawa rami ɗaya.

Tushen maganar shi ne sashe na 38 na kundin tsarin mulkin 1999. Ya ba kowa 'yancin riƙon addininsa, da sauya shi, da yin ibada, da karantarwa, da yaɗawa, shi kaɗai ko cikin jama'a. Ya kuma hana a tilasta wa ɗalibi darasin addinin da ba nasa ba. Sashe na 10 ya hana gwamnatin tarayya ko ta jiha ɗaukar wani addini a matsayin na hukuma. Sai dai sashe na 45 ya bar ƙofa: ana iya taƙaita 'yancin saboda tsaro, zaman lafiya, lafiyar jama'a, tarbiyya, ko kare haƙƙin wasu. Sharaɗin shi ne a yi hakan da doka, dokar kuma ta zama wadda hankali zai ɗauka a mulkin dimokuraɗiyya. Shi ya sa duk wanda aka ce ya rufe makaranta ko ya dakatar da tafsiri, abin da zai fara nema cikin ladabi shi ne: ranka ya daɗe, wace doka ce, wane sashe, ina takarda? Umarnin baka ba ya tsayawa a gaban alƙali.

Dokar wa'azi ta jihar Kaduna tsohuwa ce. Gwamnatin soja ta kafa ta a 1984, bayan tarzomar Maitatsine da ta fara a Kano a 1980 ta kuma iso Rigasa a 1982. An yi mata gyara a 1987, shekarar da rikicin Kafanchan ya bazu har Zariya aka ƙona majami'u da dama. A 2016 gwamna Nasiru El-Rufa'i ya aika wa majalisa sabon ƙudiri: duk mai wa'azi sai ya karɓi lasisin shekara guda, baƙon malami sai da izini na kwanakin da zai yi, Musulmi ta hannun kwamitin Jama'atu Nasril Islam, Kirista ta hannun CAN, ƙungiyar Kiristocin Najeriya. Mai saɓawa ɗaurin da zai kai shekara biyu, ko tarar naira 200,000. Majalisa ta amince da gyararren ƙudirin a watan Yunin 2019, a watan nan kuma Babbar Kotun Kaduna ta yanke hukunci a ƙarar da ƙungiyar PFN ta cocin Pentikostal ta shigar cewa tilasta lasisi ya saɓa wa tsarin mulki.

Ni dai ina tare da wannan hukunci. Ba kowane Musulmi ne ke ƙarƙashin Jama'atu ba, ba kowace coci ce ke cikin CAN ba, kuma malamin da ya san bana sai an sabunta masa takarda, kafin ya hau mumbari sai ya fara kallon fuskar mai sa hannu. Mai tunzura jama'a ko zagin addinin wani, kundin hukunta laifuka ya riga ya tanadar masa hukunci bayan ya aikata. Batun lasifika kuwa daban ne. Maƙwabcin da ke jinyar tsohuwa yana da haƙƙin barci, kuma kwamitin da ya rage sauti da kansa ya toshe hanyar da ake bi a shigo masa.

Mafi nauyi a tarihin garin nan na Zariya shi ne abin da ya faru daga 12 zuwa 14 ga Disambar 2015 tsakanin sojoji da Harkar Musulunci ta Sheikh Ibrahim Zakzaky. An rushe Husainiyya, cibiyar Harkar da ke kan titin Sakkwato, da gidansa na Gyallesu. Gwamnatin jiha da kanta ta shaida wa kwamitin bincike na Mai Shari'a Muhammad Lawal Garba cewa an binne gawa 347 a kabari ɗaya. A Oktoban 2016 jihar ta haramta Harkar, a Yulin 2019 Babbar Kotun Tarayya ta ba da izinin haramta ta a faɗin ƙasa, a Yulin 2021 kuma kotu ta sallami malamin da matarsa. Mazauna Gyallesu da matafiya sun daɗe suna kuka da tare hanya, kukansu kuma gaskiya ne. Amma maganin tare hanya gurfanarwa ne a kotu. Fadar shugaban ƙasa ta ce ƙungiya aka haramta, aƙidar Shi'a ba a taɓa ta ba. A kan titi, jami'in da ya ga baƙar tuta ba ya tsayawa tantance wannan bambanci.

Sai takardu, inda aka fi yin sakaci. Masallaci, coci ko makaranta na yin rajistar amintattu a hukumar CAC mai rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi: a tantance suna, a rubuta tsarin mulkin ƙungiya, a haɗa bayanin taron da ya zaɓi amintattun, a buga sanarwa a jaridu biyu, a jira kwana 28 ko wani zai kawo ƙorafi. Bayan nan akwai rahoton shekara-shekara, wanda kusan kowa ke mantawa da shi. In amintacce ya rasu, a sanar da hukumar a maye gurbinsa, in ba haka ba ranar da za a taɓa asusun banki sai a tarar sa hannun mamaci ake jira.

Fili ya fi kome kawo kuka. Bawan Allah ya ce ya ba da waƙafi, an yi addu'a an shafa, ba a rubuta ba. Ya rasu, magada sun sa shi cikin rabo. A rubuta kyautar, shaidu da mai unguwa su sa hannu, a nemi takardar mallaka a KADGIS, hukumar filaye ta jihar, da sunan amintattu, a karɓi izinin gini a KASUPDA, hukumar tsara birane, kafin a aza tubali. Ginin da ba shi da waɗannan, ranar da ran hukuma ya ɓaci da limaminsa ba sai an ambaci addini ba, jan fenti kawai za a shafa a bango.

Taro ko zagayen Maulidi ba ya buƙatar izinin 'yan sanda. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar da haka a 2007. Duk da haka a kai wa DPO takardar sanarwa mai ɗauke da rana, lokaci da hanyar da za a bi, a sa a buga hatimi a kwafi, a riƙe shi a aljihun shugaban 'yan agaji.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu koma Tudun Wada, shekarar da na yi aure.