Kyanwa da ruwan buta

Da asubar nan ina alwala a tsakar gida, sanyin hunturun Zariya na ratsa ni har ƙashi, sai ga kyanwata ta lallaɓo ta tsuguna kusa da ƙafata. Ba ni take kallo ba, bakin buta take kallo. Ina tsiyayo ruwa ta miƙa wuya tana lasar zirin da ke zubowa, har gashin bakinta ya jiƙe. Haushi ya kama ni. Sati biyu ke nan da na sayo mata kwano a kasuwar Sabon Gari, na ajiye dab da na abincinta, kullum in cika, kullum ta wuce shi kamar ba ta gani ba. Hajiya daga ɗaki ta ce, "Ƙyale ta, bakin kyanwa ai ba najasa ba ne." Na ce, "Hajiya, ba tsarkin ne ya dame ni ba, rainin ne."

Da na tsaya na dube ta sosai sai jikina ya yi sanyi. Kakanninta kuliyoyin daji ne na busassun ƙasashe, yawancin ruwan jikinsu daga naman da suka farauto yake fitowa, kuma ruwa mai motsi ya fi jan hankalinta a kan wanda ya kwana kusa da ƙayar kifi. Wurin ma ni na zaɓa, don ya fi mini sauƙin shara. Na mayar da kwanon gindin lemo, ta je ta shinshina sau biyu. Ni dai ban taɓa sunkuyawa na ga gidan nan daga tsayinta ba.