Abin da na koya kan ruwa da kuran (wutar lantarki) na masana'antar ƙwaƙwalwar salula

Kuskuren da ya fi cin masu koyon wannan fanni shi ne yin lissafin ruwa daga inda yake fita a tace. Ana duba litar da za a wanke faifan silikon da ita, wato faifan da ake yanko ƙwaƙwalwar daga jikinsa, a rubuta, a wuce. To ai ba wannan ne ruwan da masana'anta ke ja daga ƙasa ba. Kafin a samu lita 1,000 ta ruwan wankin nan, sai an zuba kusan lita 1,400 zuwa 1,600 na ruwan pampo. Matatar osmos, wadda ke matsa ruwa ta cikin wata siririyar fata, ita kaɗai tana zubar da wajen kashi ɗaya cikin huɗu, ɗauke da gishirin da ta tsame. Ga wankin matatun yashi da na gawayi, ga hasumiyar sanyaya injuna da ke tura ruwa sama ya zama tururi, ba ya dawowa. Wanda ya manta da waɗannan zai yi odar famfo ƙarami da tanki ƙarami, kuma ranar da aiki ya cije, ƙaramin ma'aikacin da ya buga lissafin ake kira. Babban da ya sa hannu bai karanta ba, shi ba a tambayarsa.

Ruwan kansa ya wuce abin da muke kira mai tsabta. Ana bi da shi ta gawayi, osmos, hasken UV mai kashe ƙwayoyin cuta da ƙwayoyin rezin masu tsame sauran gishiri har ma'auninsa ya kai megohm 18.2 a zafin digiri 25, wato kusan ba ya ɗaukar lantarki. Gawayin nan kada a tsallake shi don tsimi, don shi ke tsame kulorin daga ruwan. Kulorin, wanda ke cikin ruwan jabel, yana cinye fatar osmos a hankali. Alamar farko mai ruɗi ce: ruwa ya ƙaru a bakin bututu har mutum ya yi murna, alhali gishiri ne ya fara tsallakewa. Masu injin ruwan leda a nan Maradi da suka taɓa sayen sabuwar fata sun san zafin abin.

Babbar masana'anta ɗaya tana iya shan lita miliyan 30 da wani abu a rana. A farin da aka yi a Taiwan a 2021, da tankoki kamfanin TSMC mai ƙera ƙwaƙwalwar ya riƙa jigilar ruwa, gwamnati kuma ta rufe wa manoman shinkafa ruwan kadada fiye da 70,000. Mu da Gulbin Maradi ke gudu 'yan watannin damina kawai, komai sai ya hau kan foraj.

Ruwan da ke fita ya fi ba ni tsoro. Ana sassaƙa faifan da asid mai fuloraid, don haka sai an zuba wa dattin sinadarin kalsiyom ya kwanta ya zama laka kafin a sake shi. Iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wa ruwan sha miligiram 1.5 ce a lita. Duk wanda ya ga haƙora da ƙafafun yaran Tibiri da fuloraid ɗin ruwan foraj ya lanƙwasa, ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Kuran kuwa, masana'anta ɗaya na iya jan megawat 100, kuma rashin yankewa ya fi yawansa muhimmanci. Faifai ɗaya yana yin wata uku a layi. A Yunin 2019 ɗauke wuta ta minti 13 a wata masana'antar ƙwaƙwalwa da ke Yokkaichi ta Japan ta tsayar da aiki na makonni. A tuna da yadda muka kwana bayan Najeriya ta yanke mana layi a Agustan 2023. Janareto ba ya tashi da saurin da zai ceci faifan da ke cikin tanda, sai da batura a tsakani.

Iskar gas da ake wanke injuna da ita, irin su NF3 da SF6, tana riƙe zafi ninki dubbai fiye da hayaƙin kabon. A ƙone ta kafin ta bar bututu, kuma a riƙa duba na'urar ƙonawar, don ita ce ake fara mantawa da ita in kasafi ya matse.