Abin da na tsinta a zaman jinya

Sati uku muna Delhi da Hajiya, ana yi mata aikin gwiwa. A barandar asibitin na saba da wani dattijo, tsohon malamin tarihi, da ke jinyar matarsa. Jiya da dare muna shan shayi mai citta ya juya takardar magani ya zana min taswirar tsohuwar Indiya a bayanta, yana ba ni tarihin ƙasar.

Daular Gupta ta arewacin Indiya ta watse wajajen 550, kowane gwamna ya ja nasa yankin. Sarki Harsha na birnin Kanauj ya ɗan haɗa kan arewa, ya mutu a 647 ba magaji, aka koma gidan jiya. A 712 Hajjaju bin Yusuf, gwamnan Iraƙi na daular Umayyawa, ya turo Muhammad bin Ƙasim, yaro ɗanye shakaf, ya ci tashar jiragen ruwa ta Debal, aka kashe Sarki Dahir na Sind (a Pakistan ta yau), ya wuce har Multan.

Ni duk zatona daga nan Larabawa suka share Indiya. Ashe a'a! Sarakunan Indiya na daulolin Chalukya da Pratihara ne suka tare su. Shi kuwa Ibn Ƙasim, da Sulaimanu bin Abdulmalik ya hau halifanci a 715, sai aka mayar da shi Iraƙi, a kurkuku ya rasu. Wannan ya tsaya min a rai.

Takardar tana jakata, Hajiya sai cigiyarta take yi.